Lambar Marli

Ranar da Marli ta cika shekara ɗaya lambarta uku ce, kuma mahaifiyarta Tegan ta fito daga asibitin yara riƙe da takardar kamar wadda ta ci jarrabawa. A garin Broken Hill haka abin yake. Garin a kan dalma yake zaune, tudun tarkacen mahaƙa ya raba shi biyu, duk iskar da ta kaɗa sai ta ɗebi ƙurarsa ta kai wa mutane har kan gado. Shi ya sa ake huda yatsan ƙananan yara lokaci lokaci a auna dalmar da ke jininsu. In lamba tana ƙasa da biyar, uwa ta yi barcinta. In ta haura, sai mata su fara yi mata magana a hankali a layin kanti, da wata irin murya ta tausayi wadda ta fi zagi ciwo.

Ukun nan ba kyauta Tegan ta same shi ba. Tun tana da ciki ta jefar da tsintsiya, domin shara tayar da ƙura take yi. Gogewa ake yi a gidanta da jiƙaƙƙen tsumma, safe da yamma. Takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa ko na wane ne, har mai gyaran famfo ta taɓa sawa ya yi aiki da safa. Kare bai san launin kujerun falo ba. Hannun Marli kuwa ya sha wanki har ta koyi miƙa shi da kanta da zarar ta ji an buɗe famfo. Yashin da take wasa a ciki a bayan gida daga wani gari aka kawo shi, kuma da murfinsa.

Mijinta Brodie a ƙarƙashin ƙasa yake aiki, kuma ta wannan gefen ba ta da abin faɗa a kansa. Kayan aiki a mahaƙa suke kwana, can yake wanka kafin ya shiga mota. Mutumin kirki ne. Ciwonsa ɗaya, kowace shekara sai wani abu ya kama shi. Shekarar da suka yi aure dafa giya a gida ce, har kwalabe suka riƙa fashewa a ƙarƙashin gado. Bara kwale-kwale ya jawo musu, a garin da sai ka yi tafiyar fiye da awa ɗaya kafin ka ga tafki, da suka je kuma suka tarar ya ƙafe.

Bana kawunsa Nev ne ya kawo ciwon, a bayan akori-kura, ranar bikin iyaye maza a farkon Satumba.

Kawu Nev ƙanen mahaifiyar Brodie ne. Ya haura saba'in, ya bar mahaƙa tuntuni, yanzu shi ne magatakardan kulob ɗin masu harbi na bayan gari. Ya sauke wani ƙarfe mai nauyi mai dogon hannu, da sikeli a cikin akwatinsa, da wani kwanon roba mai murfi da igiyar lantarki, da bokiti biyu cike da kwanson harsasai da suka yi baƙi.

"Ɗana, ka zama uba," in ji shi, da ƙarfi kamar suna da nisa. "Lokaci ya yi da za ka daina harba abin da wani ya cika maka a masana'anta. Namiji da hannunsa yake haɗa harsashinsa."

Tegan na tsaye a ƙofa da Marli a kwankwaso. Ta ce, "Sannu da zuwa, Kawu. Wannan kuma jana'izar wa za a yi da shi?"

"'Yata, wannan ilimi ne. Kwanso in an harba shi bai mutu ba. A wanke shi, a matse shi ya koma girmansa, a sa masa sabuwar ƙwayar wuta a gindi, a auna albarushi a zuba, a ɗora masa sabon kai. Ya tashi ke nan. Kuma abin da ka cika da hannunka, inda ka nuna nan yake zuwa."

Brodie ya riga ya durƙusa yana shafa ƙarfen kamar ɗan maraƙi. Idonsa ya yi irin ƙyallin da ta gani ranar kwale-kwale.

"Brodie, sau nawa kake harbi a shekara?"

"To, ya danganta."

"Sau biyu. Bara ka tafi farautar awakin daji da harsashi ashirin, ka dawo da goma sha bakwai da ƙunar rana a wuya."

"Ai shi ya sa! Harsashin kanti ne. Ko ba haka ba, Kawu?"

"Na kanti ba ya jin magana," in ji Kawu Nev.

Bayan an ci gasasshen naman rago an sha shayi, sai magana ta zo inda ta san za ta zo. Brodie ya gyara murya ya ce ɗakin baƙi ai babu kowa a ciki, kuma albarushi ba ya son zafi.

"Ni ma ba na son zafi," in ji Tegan. "Shekara uku ina roƙon ka gyara fankar kicin."

"Maman Marli, ki saurara mana."

"Na saurara. Ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga gidan nan ba. Ga ɗakin kwano can a bayan gida. Ƙofa a rufe, da kwaɗo. Riga da wando na can daban, takalmi daban, a can za su zauna. In ka fito ka wanke hannu har gwiwa a famfon waje kafin ka taɓa ta. Albarushi kuma ka samo masa akwatin da doka ta ce, ka sa inda ya fi inuwa. In bai ji daɗi ba ya koma gidan Kawu."

Brodie ya ƙame ya sara mata kamar soja. Kawu Nev ya girgiza kai ya ce a zamaninsu a kan teburin cin abinci ake wannan aiki, yara na miƙo kwanso. Tegan ta ce ta ji, ta ƙara masa shayi.

Gaskiya ɗaya ce, Brodie ya bi doka. Ya kafa ƙusa ya rataye tsohuwar riga, ya sayo kwaɗo, ya ajiye sabulu a famfon waje. Sai dai abin da ya kama shi ba haɗa harsashi ba ne. Goge kwanso ne.

Kwanon robar nan mai igiya, dakakkiyar totuwar masara ake cika shi da ita, a zuba kwanso, a kunna. Sai ya yi ta kyarma yana gurnani awa uku, awa huɗu, totuwa tana cinye dattin, kwanso ya fito yana sheƙi kamar zoben amarya. Ranar da Brodie ya ga na farko ya fito, da gudu ya zo ƙofar kicin.

"Tsaya nan," in ji Tegan. "Nuna mini ta taga."

Ya ɗaga shi ta bayan gilashi yana juyawa a rana. "Kin gani? Fuskarki za ki iya gani a ciki."

"Ina da madubi."

Daga nan kowace Lahadi yana filin harbi, amma ba don ya harba ba. A bayan masu harbi yake tsayawa da bokiti, da kwanso ya faɗi ya sunkuya, kamar kazar da aka watsa wa tsaba. 'Yan kulob suka fara jefa masa nasu da gangan don su ga yadda yake cafewa. Ya dawo gida ya rufe kansa a ɗakin kwano, cikin zafin da ko ƙadangare ba ya yarda da shi, yana jera kwanso a robobin askirim, kowace da takardarta. Ya sayo abin awo yana auna tsawon kowane ɗaya. Sikelin kuwa, ya gaya wa Tegan, ko numfashi aka yi kusa da shi sai allurarsa ta motsa, don haka riƙe numfashi yake yi in yana gwada shi. Har Kirsimeti ta zo yana da kwanso wajen dubu biyu masu ƙyalli, harsashi ko ɗaya bai haɗa ba. Ya ce bai gama karanta littafin ba, kuma wannan aiki ba ya son gaggawa.

Tegan ba ta damu ba. Namiji da ke bayan gida yana goge tagulla ya fi wanda ke mashaya. Abin da ya dame ta daban ne. Zafin Nuwamba, wanda a can farkon bazara ne, ya kashe ciyawar da ke jikin shinge, kusa da akwatin yashin Marli, ƙasa ta fito tsirara. Ƙasar garin nan kuwa ba a barin ta a buɗe inda yaro ke wasa, kowace uwa ta sani. Rufe ta ake yi da ɓawon itace ko tsakuwa. Kuma nan ne inuwar shinge take faɗawa da yamma, nan Marli take son zama.

Mako uku tana yi wa Brodie magana. Ran wata Asabar ta kai Marli wurin ninƙaya, da suka dawo ta tarar ya yi. An rufe wurin tsaf daga wannan kusurwa zuwa waccan, har ya bi da manjagara ya daidaita. Ta tsaya tana kallo, zuciyarta ta yi sanyi. Da yamma ta dafa masa abin da ya fi so, ta kuma gaya wa mahaifiyarta a waya cewa mutumin nan fa yana hankali.

A watan Fabrairu Marli ta kai shekara ɗaya da rabi, aka koma asibitin yara. Sista Lorraine ce a kan aiki, mace mai furfura da ta huda yatsan rabin yaran garin, har da na Tegan lokacin tana ƙarama. Ta goge yatsan, ta huda, Marli ta tsala ihu, aka jira na'ura. Sista ta dubi lambar. Ta sake wanke ɗayan hannun da kanta, ta sake hudawa.

"Takwas ne, 'yar nan."

"Ba nata ba ne," in ji Tegan. "Nata uku ne."

"Uku ne a da. Za mu ɗebi na jijiya a tabbatar, amma ki shirya wa takwas. Zan zo gidan ranar Asabar da na'ura mu nemo inda take samun ta."

Abin da ke ba uwa tsoro game da dalma shi ne ba ta da alama. Ba zazzaɓi, ba ƙuraje, ba kuka. Yarinya tana dariya tana cin ayabarta, abu yana can yana taɓa ƙwaƙwalwar da za ta koyi magana da karatu da ita, kuma ba wanda zai iya gaya maka nawa ya taɓa. Tegan ta ɗaure Marli a kujerar mota, ta zauna a gaban sitiyari ta kasa tuna inda ake sa makulli.

Da Brodie ya dawo aiki ta miƙa masa takardar. Ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, ai takwas ba ta da nisa da biyar."

Ta dube shi har sai da ya ajiye takardar.

"Kai ne fa kake riƙe numfashi don kada allurar sikeli ta motsa. Kai ne ka jefar da kwanso don ya fi ɗan'uwansa tsawo da abin da ido ba ya gani. Jinin 'yarka ne kawai za a yi wa kusan-kusan?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Ba ni makullin ɗakin kwano."

Ta ɗaura ƙyalle a hanci ta shiga, tana neman laifi kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi. Ba ta samu ba. An goge benci, riga na kan ƙusarta, takalmi na mazauninsa, kwanon girgiza da murfinsa a rufe. Ɗakin ya fi kicin ɗin wasu tsabta. Ta fito ta ba shi haƙuri, shi kuma ya karɓa da fuskar wanda aka zalunta amma ya yafe.

Tunda ba shi ba ne, ita ce ke nan. Kwana huɗu ta yi tana wanke gida. Ta sauke labule, ta wanke 'yan tsana a ruwan zafi, ta goge saman ƙofofi da bayan firji. Ta zargi gidan mahaifiyarta. Ta zargi karen. Ta tuna ranar da ta gaji ta bar Marli ta ci biskit a mota ba a wanke hannu ba, ta zauna a ƙasan banɗaki ta yi kuka a kan biskit ɗin.

Ranar Asabar Sista Lorraine ta iso da safe, ta cire takalminta ba a ce mata ba. Na'urar da ta zo da ita mai mariƙi ce kamar ƙaramar bindiga, a ɗora bakinta a kan abu a danna, lamba ta fito. Ba a yi minti goma ba sai ga akori-kurar Kawu Nev, ya kawo wa Brodie sabon buhun totuwa. Da ya ga na'urar sai ya matso.

"Wannan wace iri ce, Sista? Tana da nisan zango?"

"Daidai inda ake buƙata take kaiwa, Nev."

Ya bi su ɗaki ɗaki da safarsa mai huda, yana ba da fatawa. "Ni fa wannan awon yara ban gane masa ba. Mu a kan tudun can muka tashi. Mu yi sulu a kai da kwali, mu ci burodi da hannun, ba wanda ya taɓa huda mana yatsa. Me ya same mu?"

Sista Lorraine ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Ka tabbata kana son amsa?"

Ya juya ya bi bayan na'urar.

Ƙasan falo, babu komai. Bakin taga, babu. Gadon Marli, kujerar mota, bayan firji, duk lambobin ƙanana ne. Sista ta ce da kowane gida haka yake da ta yi ritaya. Tegan ba ta ji daɗin yabon ba, domin in dalmar ba a gidan take ba, to a ina take? Aka fita bayan gida. Aka buɗe akwatin yashi, yashi lafiya lau. Sista ta taka zuwa jikin shinge ta ɗora na'ura a kan ɓawon itacen da aka shimfiɗa. Ta duba. Ta matsa taku ɗaya ta sake dannawa. Sai ta sa safar hannu ta durƙusa.

"Me aka zuba a nan?"

"Ɓawon itace ne," in ji Tegan. "Brodie ne ya rufe wurin."

Sista ta ture ɓawon gefe, ta ɗebo abin da ke ƙasa a tafin hannu. Wasu 'yan ƙwayoyi ne kamar tsakin masara, sun yi toka-toka, wasu baƙi ƙirin. "Wannan ba daga itace ya fito ba."

"A'a, wannan totuwa ce," in ji Brodie, har da ɗan murmushin mai dabara. "Buhun ɓawon guda ɗaya bai isa ba, kanti kuma sun rufe. Sai na tuna ina da tsohuwar totuwa bokiti uku da ta gama aiki, na shimfiɗa ta a ƙasa na bi da ɓawon a sama. Ai masara ce. Ruɓewa za ta yi ta zama taki."

"Taki na gaske," in ji Kawu Nev. "Shekara talatin ina zuba wa tumatirina. Ni na gaya masa kada ya zubar."

Sista Lorraine ta miƙe a hankali, gwiwarta na ƙara. "Brodie, in totuwar nan ta shiga kwanon fara ce ko baƙa?"

"Fara."

"In ta fito fa?"

"Baƙa."

"Kwanso kuma ya fito yana ƙyalli. To baƙin da ke jikinsa ina ya tafi? Ƙwayar wutar da ke gindin harsashi da dalma ake yin ta. Duk harbi tana barin tokarta a cikin kwanso. Ka tattaro ta daga bindigogin kulob gaba ɗaya, ka tace ta wuri guda, ka kawo ka shimfiɗa inda 'yarka take zama."

Murmushin bai bar fuskar Brodie lokaci ɗaya ba, a hankali ya zame. Ya dubi wurin. Ga ɗan cokalin roba ja na Marli a soke a ciki, ga ramukan da ta tona da yatsu, ga kofin da take cikawa ta kai baki kafin a ce mata tofar.

Tegan ta yi zaton za ta yi ihu. Ta buɗe baki ma. Sai ta ji babu ihun, wani abu mai sanyi ne ya zauna a madadinsa. Marli na kwankwasonta tana miƙa hannu wajen cokalin, ta juya da ita.

"Sista, yaya ake kwashe shi?"

"A jiƙa shi tukuna don kada ya tashi. A haƙa har ƙasan da ke ƙarƙashi, zurfin bakin shebur. A ƙulle a buhunan leda biyu biyu. Zan rubuta muku inda ake kaiwa. A kawo sabuwar ƙasa."

"Ka ji," in ji Tegan. "Yau. Ni da Marli muna gidan Mama har sai Sista ta dawo ta danna abin nan ta ce babu. Kafin in dawo kuma, ƙarfen nan da sikelin da kwanon da robobin askirim, duk su bi akori-kurar da ta kawo su."

"Amma ɗakin kwano ai tsaf yake," in ji Brodie, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ke ma kin gani. Duk dokar da kika kafa na bi."

"Ka bi, ban musa ba. Na ce riga, ka canja. Na ce hannu, ka wanke. Ban ce kada ka zuba wa 'yarka guba a wurin wasa ba, domin bai taɓa zuwa mini a rai sai an faɗa ba. Ba zan iya zama in rubuta doka a kan kowace wautar da ban hango ba, Brodie. Ba ni da wannan basirar."

Kawu Nev ya gyara tsayuwa. "'Yata, a yi haƙuri mana. Yaron nan ko harsashi ɗaya bai haɗa ba tukuna. A ce ya bari tun bai fara ba?"

"Kawu, ban ce ya bari ba. Ya je gidanka ya yi. Ya yi wanka a can kamar yadda yake yi a mahaƙa, ya dawo mini da kayan da ya fita da su. Kai kuma shebur biyu ne a gidan nan, ɗaya naka ne."

"Ni da ciwon bayana?"

"Bayan da ya ɗauko buhun totuwa yanzu? Zai iya. Tumatir ɗin nan kuma na gode, a daina kawowa."

Lokacin da ta fito da jakar Marli, zafi ya kai inda kwalta ke laushi. Su biyun suna jikin shinge, ƙyalle a hanci, Brodie na haƙa, Kawu Nev na riƙe da bakin buhu yana bayanin cewa a zamaninsu ba a san wannan ba. Brodie ya jingine shebur. Ya ɗauki jan cokalin, ya tsaya yana juya shi, sannan ya jefa a buhu.

Kwana tara ta yi a gidan mahaifiyarta. Sista ta koma ta danna, ta ce babu, Tegan ta dawo.

A watan Mayu aka sake awo. Tegan ta sa Brodie ya ɗauki hutun rana ɗaya, ta ce shi zai riƙe yarinyar. Ya zauna a 'yar kujerar asibiti da Marli a cinya, ya danne ɗan hannun yayin da Sista ke hudawa. Marli ta yi ihu ta juyo tana kallonsa kamar tana tambaya, shi kuma ya kafa ido a bango. Na'ura ta yi jinkirin da ta saba.

"Shida," in ji Sista Lorraine.

"Shida kawai?" in ji Tegan.

"Shigarta ta fi fitarta sauri. Amma ƙasa take yi, abin da nake son gani ke nan. A ci gaba da ba ta nama da ganye da madara, kada a bar cikinta babu komai. Mu haɗu bayan wata uku."

Brodie bai ce shida na kusa da biyar ba. Ya karɓi takardar ya ninke ta da kyau ya sa a aljihun gaba.

Tegan ce ke tuƙi a hanyar gida. Marli ta yi barci da auduga a yatsa. Sun wuce gindin tudun, sun shiga layinsu, sai Brodie ya gyara zama.

"Jiya na haɗa guda goma na farko a gidan Kawu."

"Madalla."

"Ya ce hannuna yana da kyau. Ya ce mataki na gaba shi ne mutum ya daina sayen kan harsashin ma. Yana da wata 'yar tukunya da ake narka dal..."

Ya tsaya. Tegan ba ta juyo ba.

"Na ce masa a'a," in ji Brodie.

"Yaushe?"

"To, ban faɗa da baki ba tukuna. Amma zan gaya masa."

Ta kunna sigina, ta gangara gefen titi gaban gidan wasu, ta ja birki ta kashe mota. Ta zaro wayarta daga jaka, ta nemo lambar Kawu Nev, ta danna, ta ƙara murya yadda za ta ji, ta ɗora masa a cinya.

"Kuma ka ɗaga murya, ka san Kawu ba ya ji sosai," in ji ta. "Amma kada ka tashe ta."